Ribit mai zare a jikin motar shiga daji: tambayoyi da amsoshi

Wai shi ribit mai zaren nan mene ne?

Noti ne kawai amma mai dogon jiki kamar ɗan bututu, da zare a cikinsa. Ka huda ƙarfe, ka zura shi, ka ja shi da abin matse shi, sai jikinsa ya takure ta baya ya damƙe ƙarfen gam. Daɗinsa ba sai hannunka ya kai baya ba, kuma kana iya kwance bol ɗin ka mayar yadda ka ga dama. Kamfanin B.F. Goodrich na Amurka ne ya fito da shi a shekarun 1930 da sunan Rivnut, don ɗaure robar da ke hana ƙanƙara kama fukafukin jirgin sama.

Me zan iya ɗaurawa da shi?

Fitilu, mariƙin shebur, tukunyar kashe gobara, kwandon kaya a cikin but, da ire-irensu. Amma don Allah kar ka ɗaura winci (injin naɗe igiyar jan mota) ko ƙugiyar jan mota da shi, wallahi ranar da mota ta kafe a laka aka fizge ta da igiya, ƙarfen zai tsinko kamar harsashi kuma akwai mutane a tsaye a wurin. Irin waɗannan kaya, bol mai ƙarfi suke so wanda ya ratsa shasi. Haka ma bel ɗin kujera.

Wane girman huji zan yi?

Yawanci M5 (wato mai ɗaukar bol mai kaurin milimita 5) huji milimita 7, M6 milimita 9, M8 kuma 11, amma duba abin da aka rubuta a jikin ledar ribit ɗin. Sannan kowane ribit da kaurin ƙarfen da aka yi shi dominsa, in na ƙarfe mai kauri ka sa a bodi siriri ba zai kama ba. Kafin ka huda ka leƙa baya tukuna, wayoyi da tiyon mai da na birki duk a irin lungunan nan suke ɓuya.

Me ya sa nawa yake juyawa tare da bol ɗin?

Nan fa ciwon kan yake. Ko hujin ya yi faɗi, ko ba ka matse shi sosai ba, ko kuma zaren ya yi tsatsa bol ya ƙi fita ka sa ƙarfi. In ya fara juyawa sai dai a huda shi a cire. Ni dai na fi son mai zane-zane a jiki don ya fi riƙo, kuma na fi yarda da na ƙarfe a kan na alminiyom, wanda zarensa ke saurin cinyewa musamman a hanya mai gargada da komai ke jijjiga.

In ba ni da abin matse shi fa?

Dogon bol da noti da wosha da sifana biyu sun isa. Ka riƙe bol ɗin kar ya motsa, ka riƙa juya notin har ribit ɗin ya takure. Guda biyu ko uku ba laifi, in sun kai ashirin gara ka sayi abin.

Ruwa ba zai shiga ba?

Zai shiga mana in ka bar shi haka. Shafa fenti a bakin hujin, ka sa ɗan gam mai hana ruwa ƙarƙashin kan ribit ɗin, kuma a rufin mota ka nemi mai toshesshen gindi.