Gidauniyar da ke ba masu sana'a jari: ina kuɗin ke shiga?

Da an shiga sabuwar shekara sai sanarwar tallafin jari ta cika WhatsApp: gidauniya kaza za ta horar da matasa, ta ba su abin fara sana'a. Hankalin kowa na kan cike fom. Kaɗan ne ke tambayar yadda ita gidauniyar ke riƙe kuɗin da aka ba ta amana.

Ba sadaka ba ce? Me ya kawo bincike?

Ai kasancewarta sadaka ne ya sa binciken ya zama dole. Kamfani yana da masu hannun jari da za su tayar da jijiyar wuya idan riba ta ragu. Gidauniya ba ta da su. Wanda ya ba da kuɗin yana nesa, wanda aka bayar dominsa kuma kunya ba za ta bar shi ya ce an rage masa ba. A tsakanin waɗannan biyun kuɗi ke sulalewa.

Wa ke sa musu ido a Najeriya?

Na farko hukumar rajistar kamfanoni, CAC. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, wato CAMA, yawancin irin waɗannan ƙungiyoyi suna rajista ne da sunan amintattu, wato mutanen da aka danƙa wa amanar dukiyar ƙungiyar, kuma wajibi ne su riƙa miƙa rahoton shekara. A yadda aka zartar da dokar a 2020, sashe na 839 ya ba hukumar ikon dakatar da amintattu idan aka samu almundahana ko sakaci da dukiya, shi ne sashen da ya jawo ce-ce-ku-ce daga ƙungiyoyin addini lokacin da aka sa wa dokar hannu. Sai SCUML, ofishin da ke ƙarƙashin EFCC mai hana halatta kuɗin haram. Ta fuskar haraji kuwa, ba a karɓa a kan gudummawa, amma ana cirewa daga albashin ma'aikata, kuma idan gidauniyar ta shiga kasuwanci za ta biya a kan ribar.

Sai dai takardar rajista kamar lasin tuƙi take: tana nuna an yarda mutum ya hau titi, ba ta cewa ba ya ganganci. A Ingila hukumar kula da ƙungiyoyin agaji tana zuba rahoton kuɗinsu a intanet, kowa ya shiga ya karanta. A nan galibi sai ka nema da kanka, kuma yadda aka karɓi tambayar taka ma amsa ce.

Idan aka ce an ware miliyoyi, nawa ke isa hannun mai sana'a?

Mu ɗauki misalin da kowa ya sani. Gidauniyar Tony Elumelu, da aka kafa a Legas a 2010, ta fara shirinta na 'yan kasuwa masu tasowa a 2015 da alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara 10 ga mutum 10,000 a ƙasashen Afirka 54. Raba ka gani: dala 10,000 kowane mutum. Jarin da ake ba wanda aka zaɓa, wanda ba a mayarwa, dala 5,000 ne, bayan horo na mako 12. A tsarin farko akwai wata dala 5,000 ta biyu da ake iya samu a matsayin rance ko hannun jari. Ga kuma horo da tantancewa da taro, duk kuɗi suke ci. Wannan rabawar ita ce abu na farko da za ka yi wa kowace gidauniya: adadin da aka shelanta, adadin mutane, abin da ya shiga asusun kowa, sannan a yi maka bayanin ragowar.

Akwai kuma batun canji. A 2015 dala 5,000 wajen naira miliyan 1 ce a farashin gwamnati. A 2024, da dala ta haura naira 1,500, ta kai miliyan 7.5. Duk wadda ke karɓar dala tana biya da naira, ya kamata ta faɗi ranar da ta canza da farashin da ta canza.

Kashe kuɗi a ofis da albashi cin amana ne?

A'a. Wadda ta ce ko kwabo ba ta kashewa a gudanarwa, ni ita na fi zargi: wa ke biyan akawu da odita? Abin dubawa daban ne. Kuɗin da mai bayarwa ya ɗaure da sharaɗi, ya ce na sayen kekunan ɗinki ne, an taɓa shi don biyan hayar ofis? Hannu nawa ake sawa kafin kuɗi ya fita daga asusu? Oditan na waje ne ko abokin shugaba? Wanda ya kawo kekunan, ba ƙanin ɗaya daga cikin amintattu ba ne? Nan ɓarnar ta fi yawa, kuma da rasit mai kyau take zuwa.

Kyauta ce ko bashi?

Ka nemi a rubuta. Idan rance ne, kuɗin da aka dawo da su dole su bayyana a rahoto, tare da waɗanda suka maƙale. Idan kyauta ce, duk wanda ya ce ka ba shi kasonsa bayan an tura maka, ɓarawo ne ko da yana ɗauke da katin shaidar ofis.

Ta yaya za a san tallafin ya yi amfani?

Wannan ce tambayar da ake gudu. Na taɓa halartar bikin rabon kayan sana'a da wata ƙungiya ta yi a unguwarmu: rumfa, kujerun roba, mai ɗaukar hoto, injinan markaɗe jere da leda a jikinsu. Bayan wata shida na leƙa gidan wata maƙwabciyarmu da ta samu. Injin yana nan a zaure, an kifa masa tsohuwar tabarma, kaji na kwana a ƙarƙashinsa. Ta ce mini, "Ɗan nan, an ba ni inji, ba a ba ni na mai ba, kuma layinmu masu markaɗe uku ne." A rahoton ƙungiyar, na tabbata, tana cikin waɗanda aka tsamo daga talauci.

Yawan waɗanda aka horar ba sakamako ba ne, lissafin kujeru ne. Rahoton kirki zai faɗi sana'a nawa ke raye bayan shekara biyu, nawa suka mutu, da abin da ya kashe su. Sabuwar sana'a tana mutuwa, ba abin kunya ba ne. Wanda ya ce duk nasa sun tsaya da ƙafafunsu, bai koma ya duba ba.

Kuɗin fom fa?

Shirin Elumelu ba ya karɓar ko sisi don nema, haka ma sauran na ƙwarai. In an turo maka lambar asusun wani mutum, ka tsaya nan.

Shi wanda aka ba jarin, akwai abin da ke kansa?

Akwai. Ya raba aljihun gida da na shago, ya ajiye rasit, ya sayi littafi ko na naira ɗari biyar ne ya riƙa rubuta shige da fice. Ranar da jami'in gidauniya ya zo dubawa, ko aka buɗe zagaye na biyu na tallafi, littafin nan za a fara cewa ya ɗauko.