Binciken Zamantakewa ta Hanyar Takardar Tambayoyi

Binciken zamantakewa ta hanyar takardar tambayoyi hanya ce ta tattara bayanai game da halayen al'umma, ra'ayoyinsu da yanayin rayuwarsu, inda ake yi wa mutanen da aka zaɓo tambayoyi iri ɗaya, da kalmomi iri ɗaya, a jere iri ɗaya, sannan a mayar da amsoshinsu zuwa alƙaluma a nazarce su da ilimin ƙididdiga. Ya sha bamban da ƙidayar jama'a, wadda ake ƙoƙarin isa ga kowane mutum, domin a nan ɓangare kaɗan ake tambaya, wanda masana ke kira samfuri, kuma daga abin da wannan ɓangare ya faɗa ake yanke hukunci a kan sauran. Masana zamantakewa, ma'aikatan kiwon lafiya, hukumomin ƙididdiga, 'yan jarida da 'yan kasuwa duk suna amfani da shi. Kowane mataki na aikin yana da irin kuskurensa, kuma tazarar kuskuren da ake bugawa tare da sakamako ɗaya kawai daga cikinsu take aunawa, wato kuskuren da ke zuwa daga tambayar samfuri maimakon kowa da kowa.

Asali

A shekarar 1886 Charles Booth, wani mai kamfanin jiragen ruwa, ya fara bincike a kan talauci a birnin Landan, aikin da ya kai mujalladi 17 a shekarar 1903, ya kuma gano cewa kimanin kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin suna cikin talauci. Seebohm Rowntree ya yi makamancinsa a garin York a 1899, ya sami kusan kashi 28. Dukansu biyun sun yi ƙoƙarin tattara bayanin kowane gida na talakawa ne, domin a zamanin ba a yarda cewa ɓangare zai iya wakiltar gaba ɗaya ba. Lokacin da Anders Kiaer, shugaban hukumar ƙididdiga ta ƙasar Norwe, ya gabatar da wannan ra'ayi a taron masana ƙididdiga a birnin Bern a 1895, ya sha suka sosai. Arthur Bowley ya jarraba shi a garin Reading na Ingila a 1912, inda ya riƙa ɗaukar gida ɗaya cikin kowane ashirin, sannan Jerzy Neyman ya kafa masa tushen lissafi a 1934, lokacin da ya nuna cewa zaɓin da aka bar wa ƙuri'a ya fi zaɓin da mai bincike ya yi da hankalinsa, domin shi kaɗai ne ake iya lissafa girman kuskurensa.

Darasin da ya fi shahara ya fito ne daga zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 1936. Mujallar Literary Digest ta aika takardu kimanin miliyan 10, an dawo mata da fiye da miliyan 2, ta kuma yi hasashen cewa Alf Landon zai sami kashi 57 na ƙuri'u. Franklin Roosevelt ne ya lashe zaɓen da kusan kashi 61, ya ci jihohi 46 cikin 48. Mujallar ta ɗebo sunaye ne daga littattafan lambobin tarho da rajistar masu motoci da jerin masu sayenta, wato mutanen da suka fi wadata a lokacin da ake fama da karayar tattalin arziki, kuma waɗanda suka damu da dawo da takardar sun fi karkata ga adawa da gwamnati mai ci. George Gallup, da samfurin da bai kai ko kusa da wannan ba, ya faɗi wanda zai yi nasara daidai. Shi ma bai tsira ba, domin a 1948 ya yi hasashen nasarar Thomas Dewey a kan Harry Truman, kuma ɗaya daga cikin dalilan da aka bayar shi ne yadda ake ba ma'aikata adadin maza da mata, matasa da dattawa da za su tambaya, a bar su su zaɓi wanda suka ga dama.

Zaɓen samfuri

Kafin a zaɓi kowa sai an fayyace al'ummar da ake magana a kanta, sannan a nemo jerin da za a yi zaɓin daga cikinsa, kamar jerin gidaje, rajistar ɗalibai ko taswirar yankunan ƙidaya. Duk wanda ba ya cikin jerin ba zai taɓa shiga binciken ba, komai ingancin abin da ya biyo baya. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba kowa dama iri ɗaya, kwamfuta ta fitar da lambobi kamar ana zarar ƙuri'a. Ana iya raba al'umma rukuni-rukuni tukuna, misali birni da karkara, a yi zaɓi a cikin kowane rukuni domin kada wani ya ɓace. A manyan bincike na ƙasa kuwa, ana fara zaɓen yankuna, sannan gidaje a cikin yankunan, sannan mutum ɗaya a cikin gida, kuma Leslie Kish ya tsara wani jadawali a 1949 domin kada a riƙa tambayar wanda ya buɗe ƙofa kawai. Wannan tsari na mataki-mataki yana rage wahalar tafiye-tafiye, amma da yake maƙwabta sukan yi kama da juna, mutum dubu da aka ɗebo daga yankuna hamsin ba sa ba da bayani daidai da mutum dubu da aka zaɓo ɗaya-ɗaya, kuma dole ne lissafi ya lura da hakan.

Tambayar da masu koyo suka fi yi ita ce mutum nawa za a tambaya. A samfurin ƙuri'a mai sauƙi, a matakin amincewa na kashi 95 cikin ɗari (wato da za a maimaita binciken sau ɗari, a kusan 95 daga ciki ainihin adadin zai faɗa cikin tazarar), mutum 100 suna ba da tazarar kuskure ta kusan maki 10 sama ko ƙasa, mutum 400 kusan maki 5, mutum 1,000 kusan maki 3, mutum 2,500 kuma kusan maki 2. Ke nan sai an ninka samfuri sau huɗu kafin tazarar ta ragu da rabi. Abin da yakan ba mutane mamaki shi ne cewa girman al'ummar kanta kusan ba ya shiga lissafin matuƙar tana da yawa: mutum dubu suna wakiltar ƙasa mai mutum miliyan ɗari kusan kamar yadda suke wakiltar birni mai miliyan ɗaya, tamkar yadda likita ke ɗibar jini kaɗan ba tare da la'akari da girman jikin majiyyaci ba.

Tsara tambayoyi

Tambaya na iya zama buɗaɗɗiya, mai amsa ya faɗi abin da yake so da kalmominsa, ko rufaffiya, ya zaɓa daga amsoshin da aka tanada. Rufaffiya ta fi sauƙin lissafi, amma tana tilasta wa mutum shiga gurbin da mai bincike ya tsara tun kafin ya ji ta bakinsa. Domin auna ƙarfin ra'ayi, an fi amfani da ma'aunin da Rensis Likert ya gabatar a 1932, inda ake karanta jimla, mai amsa ya zaɓi ɗaya cikin matakai biyar, daga amincewa ƙwarai zuwa ƙin amincewa ƙwarai.

Kalma ɗaya tana iya sauya sakamako. A wani gwaji da Donald Rugg ya wallafa a 1941, an tambayi wasu Amurkawa ko ya kamata a haramta jawaban adawa da dimokuraɗiyya a bainar jama'a, wasu kuma aka tambaye su ko ya kamata a ƙyale irin waɗannan jawabai. Ma'anar ɗaya ce, amma waɗanda suka ce kada a ƙyale sun fi waɗanda suka ce a haramta yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma tambaya mai kai biyu, kamar a ce wa ɗalibi ko ya gamsu da malamai da ɗakin karatu, alhali yana iya gamsuwa da ɗaya ya ƙi ɗaya. Da tambayar da ta riga ta nuna amsar da ake so. Da wadda ke neman mutum ya tuna sau nawa ya yi wani abu a shekara guda. Matsalar da ta fi wuyar magancewa ita ce son mutum ya fito da mutunci a idon mai tambaya, abin da ke sa a ƙara yawan abin yabo a rage na kunya, shi ya sa ake barin mai amsa ya cika sashen da ya shafi sirrinsa da kansa, a kuma tabbatar masa ba za a haɗa sunansa da amsarsa ba. Idan za a yi binciken da harsuna da dama, akan fassara takardar, wani daban ya sake mayar da ita harshen farko a kwatanta, ko da yake wannan ba ya tabbatar da cewa mai amsa ya fahimci abin da aka nufa. Gwajin takardar a kan mutane kaɗan kafin a fita aiki shi ne ke tona yawancin waɗannan aibobi, kuma shi ne matakin da mai gaggawa ya fi tsallakewa.

Nazarin amsoshi

Bayan tattara takardu, ana ba kowace amsa lamba, a shigar da su jadawali wanda kowane layi ke wakiltar mutum ɗaya, kowane ginshiƙi kuma tambaya ɗaya. Daga nan sai tacewa: a nemo shekarun haihuwar da ba za su yiwu ba, amsoshin da suka ci karo da juna, da guraben da aka bari babu komai. Lambobin da aka bayar ba duka ne adadi na gaske ba. S. S. Stevens ya rarrabe matakan awo huɗu a 1946, kuma amfanin rarrabewar a aikace shi ne sanin lissafin da ya dace: idan an ba masu aure 1, marasa aure 2, matsakaicin 1.4 ba shi da wata ma'ana, sai dai a ƙirga kaso. Ko a adadi na gaske kamar kuɗin shiga, attajiri ɗaya cikin mutum goma yana iya ja matsakaici sama har ya daina kama da rayuwar sauran taran, don haka ake fifita adadin mutumin da ke tsakiya idan aka jera su daga ƙasa zuwa sama.

Jadawalin kwatanta tambayoyi biyu shi ne ƙashin bayan wannan nazari. A ƙaddara an tambayi maza 200 da mata 300 ko suna goyon bayan wata doka, maza 120 da mata 150 suka ce e. A ƙirge mata sun fi yawa, amma a kaso maza ne a gaba, kashi 60 a kan kashi 50. Domin sanin ko bambancin maki 10 zai iya fitowa daga sa'ar zaɓi kawai, ana amfani da gwajin kai-sikwaya da Karl Pearson ya ƙirƙiro a 1900. Da a ce jinsi ba shi da alaƙa da amsa, da an sa ran maza 108 da mata 162 ne za su ce e. Gwajin yana auna nisan abin da aka gani daga abin da aka sa rai, kuma a wannan misali yana ba da 4.83, wanda ya haura 3.84 da ake buƙata a matakin 0.05, wato ƙimar p ta sauka ƙasa da kashi 5 cikin ɗari. Wannan mataki al'ada ce da ta yaɗu daga rubuce-rubucen Ronald Fisher na shekarun 1920, kuma ana yawan yi masa mummunar fahimta: ƙimar p tana faɗin yadda bambanci irin wannan zai yi wuyar fitowa idan babu alaƙa a zahiri, ba ta faɗin girman alaƙar ko muhimmancinta. A samfuri mai mutum dubu hamsin, bambancin maki ɗaya ma yana iya tsallake gwajin.

Misalin ya nuna wani abu kuma. Idan maza da mata rabi-da-rabi ne a al'ummar, to mata sun yi yawa a samfurin, sai a ba kowane namiji nauyin 1.25, kowace mace kuma kusan 0.83, wanda ke mayar da jimillar goyon baya daga kashi 54 zuwa 55. Irin wannan gyara yana aiki ne a kan halayen da aka san rabonsu a al'umma kawai, ba ya cike gurbin mutanen da suka ƙi amsawa saboda wani dalili da ya shafi tambayar kanta.

Ana kwatanta matsakaicin rukuni biyu da gwajin t na William Gosset, wanda ya fito a 1908. Idan an haɗa tambayoyi da dama domin auna abu ɗaya, kamar gamsuwa da aiki, ana duba daidaituwarsu da ma'aunin alfa na Lee Cronbach na 1951, kuma an saba karɓar 0.7 zuwa sama, sai dai ƙara yawan tambayoyi kaɗai yana ɗaga shi, kuma tambayoyi na iya daidaituwa a kan auna abin da ba shi ake nufi ba. Lissafin rigireshan yana ba da damar duba alaƙar abubuwa biyu tare da riƙe wasu a wuri ɗaya, misali alaƙar ilimi da ra'ayi tsakanin mutanen da suke sa'o'in juna. Duk da haka, binciken da aka yi a lokaci guda alaƙa yake nunawa, kuma tabbatar da sanadi yana buƙatar bibiyar mutane na tsawon lokaci ko gwaji na musamman.

Manhajoji da sauyin zamani

Manhajar SPSS ta fito a 1968, Stata a 1985, R kuma, wadda kyauta ce, an fara ta a Jami'ar Auckland a farkon shekarun 1990. Dukansu za su fitar da matsakaicin lambobin masu aure da marasa aure ba tare da gargaɗi ba, don haka masu koyarwa suke fara sa ɗalibi ya yi ƙaramin jadawali da hannu. Masu koyo kuma sukan yi atisaye da bayanan manyan bincike da ake bayarwa ga masu nazari, irin su binciken zamantakewa na bai-ɗaya da ake yi a Amurka tun 1972, da Afrobarometer da ta fara aiki a ƙasashen Afirka a 1999.

Babban ƙalubalen yanzu shi ne ƙin amsawa. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ba da rahoton cewa masu amsa bincikenta na tarho sun ragu daga kashi 36 a 1997 zuwa kashi 6 a 2018. Wannan ya tura masu bincike da yawa zuwa intanet, inda tura takarda ga dubban mutane ba ya ɗaukar lokaci, amma inda galibi mai amsa ne ke kawo kansa. Tazarar kuskuren da aka lissafa da dokar samfurin ƙuri'a ba ta hau kan irin wannan samfuri ba, shi ya sa wasu cibiyoyi suke fara zaɓo mutane ta adireshin gidajensu, sannan su gayyace su su riƙa amsa tambayoyi ta intanet, har su ba marasa na'ura wata hanyar amsawa.