Kuskuren fahimta game da basirar ɗaliban jami'a masu naƙasar jiki

Kuskuren da ake nufi a nan shi ne zaton da mutane da yawa ke yi cewa wanda ƙafarsa, ko hannunsa, ko harshensa ya samu tawaya, to hankalinsa ma yana da tawaya. Zaton ya fi fitowa fili a jami'o'i da kwalejoji, inda ake auna mutum da abin da ke kansa, amma ɗalibin da ya shigo aji a keken guragu sai a yanke masa hukunci tun bai buɗe baki ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3, wato kusan kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, suna rayuwa da wata naƙasa mai tsanani.

Masaniyar halayyar ɗan Adam Ba'amurkiya, Beatrice Wright, ta yi bayanin tushen wannan zato a littafinta na shekarar 1960, inda ta kira shi yaɗuwa: mai kallo yakan ga tawaya ɗaya a jikin mutum, sai ya shimfiɗa ta a kan sauran halayensa duka. Daga nan ne ake samun wanda zai ɗaga wa gurgu murya kamar kurma ne, ko malamin da zai juya ga mai tura keken ya tambaye shi abin da ɗalibin ke so, alhali ɗalibin yana zaune a gabansa yana saurare.

Ilimin likitanci bai goyi bayan zaton ba. Ƙwayar cutar shan-inna tana lalata jijiyoyin laka masu sarrafa motsi ne, ba ta taɓa tunani. Haka ma karayar laka a hatsari, da yanke gaɓa, ba su da hanyar da za su rage kaifin ƙwaƙwalwa. Inda maganar ke buƙatar taka-tsantsan shi ne lalurar da ke samun ƙwaƙwalwar yaro kafin haihuwa ko jim kaɗan bayanta, wadda ke hana shi sarrafa gaɓoɓinsa. Kusan rabin masu wannan lalura suna da jinkirin fahimta, sauran kuwa basirarsu daidai take da ta kowa, kuma su ne kuskuren ya fi cutarwa, domin maganarsu takan fito a hankali ko a karkace. Tsokar harshe da ta leɓe ce ba ta bin umarni, jimlar kuwa ta riga ta kammalu a zuci, amma mai sauraro mara haƙuri sai ya ɗauka tunanin ne ke tafiyar hawainiya.

Hanyoyin auna ɗalibai su ma sukan ƙarfafa kuskuren. Jarrabawar da aka ƙayyade wa awa biyu ko uku tana auna ilimi da saurin hannu a lokaci guda, haka kuma wasu sassan gwajin basira suna buƙatar jera ƙananan abubuwa ko rubuta alamomi cikin daƙiƙu ƙidayayyu. Wanda hannunsa ke rawa zai samu maki kaɗan ko da ya san amsar, daga baya kuma a ɗauki makin a matsayin shaida a kansa.

Tarihin Ed Roberts misali ne sananne. Shan-inna ta kama shi a 1953 yana da shekara 14, ta shanye masa jiki daga wuya zuwa ƙasa. Hukumar jihar Kalifoniya mai kula da masu naƙasa ta ƙi ɗaukar nauyin karatunsa da farko, bisa hujjar cewa ba zai taɓa iya aiki ba. Ya shiga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1962, yana kwana a asibitin jami'ar cikin na'urar numfashi ta ƙarfe, ya yi digiri na ɗaya da na biyu a kimiyyar siyasa, daga baya gwamna Jerry Brown ya naɗa shi shugaban hukumar nan da ta ƙi shi. Ana yawan ambaton Stephen Hawking ma, wanda aka gano cutar jijiyoyin motsi a jikinsa a 1963, ya kuma riƙe kujerar farfesan lissafi a Kambirij daga 1979 zuwa 2009. Sai dai dogaro da irin waɗannan sunaye yana da nasa lahani, domin yana sa a zaci mai naƙasa sai ya zama gagarabadau kafin a yarda da hankalinsa, alhali yawancinsu ɗalibai ne kamar kowa, akwai haziƙi, akwai matsakaici.

Dokoki sun bi bayan fahimtar cewa naƙasar jiki ba naƙasar hankali ba ce. A Amurka akwai sashe na 504 na dokar tallafa wa masu naƙasa ta 1973 da kuma dokar masu naƙasa ta 1990, a Birtaniya akwai dokar daidaito ta 2010, sannan sashe na 24 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006, ya wajabta a buɗe musu ilimi mai zurfi ba tare da wariya ba. A aikace wannan yana nufin ƙarin lokaci a jarrabawa, ko mai rubuta wa ɗalibi abin da ya faɗa, ko kwamfuta mai mayar da magana rubutu. Wasu abokan karatu suna kallon hakan a matsayin alfarma, amma tambayoyin ba sa canzawa, ma'aunin makin ma ba ya sauka.