Waiwaye: Ɗan ramin da ya haɗa Smith & Wesson faɗa da masu sayen bindigoginsa

Akasarin libarba, wato ƙananan bindigogi masu gangar harsashi mai juyawa, da kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya ƙera daga 2001 zuwa yau suna da wani ɗan rami a gefen hagu, sama kaɗan da maɓallin da ake turawa a buɗe gangar harsashi. Ramin makulli ne. Ana zura ɗan mabuɗi a murɗa, sai wani siririn ƙarfe ya ɗago ya riƙe gudumar da ke dukan harsashi, daga nan ko an ja kunama bindiga ba za ta tashi ba. Aikinsa ke nan, ba ƙari. Amma sama da shekara 20 ke nan masu bindiga a Amurka suna tsine wa wannan rami, wasu ma sun yi rantsuwa ba za su taɓa sayen bindigar da ke ɗauke da shi ba. Kafin mutum ya gane wannan ƙiyayya sai ya koma ƙarshen shekarun 1990.

A 1998 ne jihohin Amurka suka durƙusar da kamfanonin taba sigari a kotu, har aka yi sulhu a kan biyan sama da dala biliyan 200. Magadan gari da lauyoyinsu suka ga hanya ta buɗe. Birnin New Orleans ya fara kai masu ƙera bindigogi ƙara a watan Oktoba na shekarar, Chicago ta biyo baya a Nuwamba, kafin a ankara birane da ƙananan hukumomi kusan 30 sun shiga layi. Hujjarsu ita ce kamfanonin na ƙera makamai ba tare da kariyar da za ta hana yaro ko ɓarawo harbawa ba, kuma suna kau da kai daga dillalan da ke sayar wa miyagu. Sai kuma ga harin makarantar Columbine a Afrilun 1999, inda ɗalibai biyu suka buɗe wa 'yan uwansu wuta. A ƙarshen Fabrairun 2000 kuma wani yaro ɗan shekara 6 a jihar Michigan ya harbe 'yar ajinsu har lahira da bindigar da ya tsinta a gidan da yake zaune. Gwamnatin Bill Clinton ta yi barazanar shiga ƙarar ita ma.

A lokacin Smith & Wesson ba na Amurkawa ba ne. Wani kamfanin Ingila mai suna Tomkins ne ya saye shi a 1987 kan sama da dala miliyan 112, kuma Tomkins ba masana'antar makamai ba ce, tarin kamfanoni ne masu sana'o'i iri-iri, lissafin riba da asara kawai ya sani. Da ya hango kuɗin lauyoyi za su cinye shi, sai ya nemi sulhu. Ran 17 ga Maris, 2000, shugaban Smith & Wesson, Ed Shultz, ya sa hannu a yarjejeniya da gwamnati, wadda Andrew Cuomo, sakataren gidaje na lokacin, yake kan gaba wajen ƙulla ta. Kamfanin ya amince zai riƙa haɗa kowace ƙaramar bindiga da kwaɗo na waje cikin kwana 60, ya saka makulli na ciki cikin shekara biyu, ya zuba kuɗi a binciken bindigar da ba ta tashi sai a hannun mai ita, ya kuma gindaya wa dillalansa sharuɗɗa. A madadin haka za a janye masa ƙararraki.

Gudun gara ya faɗa gidan zago. Ƙungiyar masu bindiga ta NRA ta ce kamfanin ya miƙa wuya, masu saye suka ƙaurace masa, manyan dillalai suka daina ɗaukar kayansa, sauran masu ƙera bindigogi kuwa ko ɗaya bai bi sahunsa ba. Ciniki ya faɗi da kusan kashi 40 cikin 100, aka sallami ma'aikata a masana'antar da ke Springfield ta jihar Massachusetts, Shultz ya bar kujerarsa kafin shekarar ta ƙare. A watan Mayun 2001 Tomkins ya rabu da kamfanin kan dala miliyan 15 kacal, mai saye ya ɗauki bashin da ke kai.

Nan ne labarin ya yi wata karkata da masu gardamar kan manta. Wanda ya sayi Smith & Wesson ɗan ƙaramin kamfani ne daga jihar Arizona mai suna Saf-T-Hammer, kuma sana'arsa tun asali ita ce ƙera makullan bindiga. Sababbin masu kamfanin sun yi ta shelar cewa tsohon suna ya dawo hannun Amurkawa, sun nesanta kansu da yarjejeniyar, gwamnatin George W. Bush da ta hau a 2001 ma ba ta matsa a cika ta ba. Yarjejeniya ta mutu a tsaye. Makullin kuwa a zamaninsu ya bazu a kusan dukkan libarban kamfanin. Duk da haka sunan da masu bindiga suka raɗa masa shi ne “ramin Hillary”, wato matar Clinton, wadda ba ta cikin masu sa hannu.

Akwai dalilin kasuwa a ciki. Jihar Maryland ta yi doka a 2000 da ta ce ƙananan bindigogin da aka ƙera bayan ƙarshen 2002 sai da makulli a jikinsu za a sayar da su a can, kuma a lokacin ana zaton wasu jihohin za su kwaikwaya. Ba Smith & Wesson kaɗai ya yi shiri ba. Taurus na Brazil ya sa nasa makullin a bayan guduma, Ruger ya ɓoye nasa a ƙarƙashin mariƙi a wasu samfura, inda sai an kwance mariƙin ake ganinsa. Babu wanda ya sha zagi irin na Smith & Wesson, domin nasa ne a fili, kuma shi ne ya zauna a teburi ɗaya da Clinton.

Ƙorafin masu bindiga kashi uku ne, kuma ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko kyau: sun ce an ɓata fuskar bindigar da kakanninsu suka sani, har siffar jikin ƙarfen sai da aka ɗan sauya don makullin ya samu wuri. Na biyu siyasa. Na uku shi ne mai nauyi, wato tsoron makullin ya kulle kansa. An samu rahotanni, wasu daga sanannun masu koyar da harbi, cewa a libarba marasa nauyi da aka ƙera da gaurayen ƙarfe mai sikandiyom, idan aka harba harsashi mai ƙarfi irin na .357 ko .44 Magnum, shurin da bindigar ke yi kan girgiza siririn ƙarfen nan ya ɗago da kansa ya riƙe guduma. Wasu sun ce faɗuwa ƙasa ma ta taɓa jawo haka. Abin ba ya yawan faruwa. Dubban mutane sun yi shekaru suna harbi ba su taɓa gani ba. To amma mai sayen libarba don kare kansa abu ɗaya ya sa ya zaɓe ta a kan fistol mai cin harsashi da yawa: sauƙin aiki, ka ja kunama ta tashi. Idan aka ƙara mata wani abu da ba ya taimaka wa harbi, amma yana iya hana shi, an taɓa ainihin abin da ya biya kuɗi dominsa. A ganina wannan ƙorafi yana da tushe, ko da an cire siyasar gefe.

Ɓangaren masu son kariya ma makullin bai biya musu buƙata sosai ba. Mabuɗin iri ɗaya ne, na wannan bindiga yana buɗe waccan, don haka ɓarawo ba zai sha wuya ba. Ba ya hana a zuba harsashi, ba ya hana a ɗauke bindigar. Kuma sai mai ita ya tuna ya murɗa, alhali yawancin masu ita sun bar mabuɗin a kwali tun ranar saye. Mahaifin da ya damu da 'ya'yansa akwatin ƙarfe mai kulle ya fi yi masa amfani. Matsalar yara da bindiga a gidajen Amurka gaskiya ce, kamfanin ma ya san ta tun da daɗewa: a 1887 ya fitar da wata libarba mai ɓoyayyar guduma wadda sai an matse bayan mariƙinta da ƙarfi take tashi, kuma ana ba da labarin cewa Daniel Wesson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin, yara ya tuna ya yi ta. Waccan ba ta jawo bore ba, don ba gwamnati ce ta nema ba.

Daga baya ƙasar da makullin ya tsaya a kai ta zaizaye. A Oktoban 2005 Bush ya sa hannu a dokar da ta kare masu ƙera bindigogi daga yawancin irin waɗancan ƙararraki, sai dai ta wajabta wa dillalai haɗa kowace ƙaramar bindiga da abin kullewa; kwaɗo mai igiyar ƙarfe da ake jefawa a kwali ya wadatar. A 2008 Kotun Ƙoli, a shari'ar Heller, ta soke dokar birnin Washington da ta tilasta a ajiye bindigar gida a kwakkwance ko a kulle, ta ce hakan ya hana mutum kare kansa. Kasuwa kuma ta yi nata hukuncin: tsofaffin libarba na kafin makulli suka yi tsada a hannun masu tarawa, ƙananan maƙera suka fara sayar da 'yar toshiya da ake cike ramin da ita bayan an zare kayan ciki. Wasu lauyoyi da masu koyarwa na gargaɗin cewa wanda ya cire kariya daga bindigarsa, ranar da ya yi harbi aka je kotu, mai gabatar da ƙara zai iya amfani da hakan a kansa.

Kamfanin ya daɗe yana jan ƙafa. Ya fara da dawo da wasu ƙananan samfura na aljihu marasa makulli, irin su 442 da 642, waɗanda gudumarsu a ɓoye take. Ya mayar da hedikwatarsa daga Massachusetts zuwa Maryville ta jihar Tennessee a 2023, inda dokokin bindiga suka fi sassauci. A farkon 2025 kuma ya fitar da samfura uku daga cikin tsofaffin sunayensa, 10 da 19 da 36, babu rami a jikinsu, ya kuma sa rashin makullin a cikin sunan da yake tallata su da shi. Samfura da dama na kamfanin har yanzu da ramin ake ƙera su.