Kalkulos ɗin 100 lebul: abubuwan da ƙannena suka dame ni da tambaya a kai

Duk lokacin da zango na biyu ya matso sai wayata ta cika da saƙon yaran unguwa, na KASU ne, na Poli ne, har da waɗanda suka tafi ABU Zariya, kowa na tambaya kan kalkulos, lissafin nan na shekarar farko da 'yan gaba da su suka gama tsorata su da shi. To na gaji da maimaitawa, ga amsa a wuri ɗaya.

Yaya, wai mene ne kalkulos ɗin ma?

Ka hau mota a tashar Kawo za ka Zariya, tafiyar kamar kilomita 80, kuka isa cikin awa ɗaya, ka ga matsakaicin gudunku 80 ke nan. Amma ai ba haka direba ya riƙe ba, wani wajen ya taka 120, wani wajen ya tsaya cak a shingen jami'an tsaro. Gudun da allurar mota ke nunawa a daidai daƙiƙar da ka leƙa, shi difarenshiyeshan ke nemo maka. Intagireshan kuma baya yake komawa, ka ba shi gudun kowane lokaci ya tara maka nisan da aka ci. Newton da Leibniz ne suka shimfiɗa abin a ƙarni na 17, kowa da nasa hanyar, Leibniz ya buga nasa a 1684, kuma dy/dx, alamar difarenshiyeshan da za ki rubuta har hannu ya gaji, tasa ce.

Wa ya wajaba a kansa?

'Yan injiniya, kwamfuta, fiziks, kemistiri, lissafi da ƙididdiga ba su da mafita. A manhajar NUC, hukumar kula da jami'o'i, sunansa MTH 102, yana bin bayan MTH 101, amma wasu makarantun lambarsu daban ce, ka duba fom ɗin rajistarka.

Ban yi Further Maths a sakandare ba, na shiga uku ke nan?

A'a wallahi. Wanda ya yi ya ɗan riga ka sati biyu ko uku ne kawai, daga limit ake farawa kuma daga tushe. Gwada da kanka, ɗauki x², sa 3 ka samu 9, sa 3.01 ka samu 9.0601, bambancin ka raba shi da 0.01 zai ba ka 6.01, ka ƙara matsowa da 3.001, ka raba bambancin da 0.001, sai ka ga 6.001, to wannan 6 ɗin da ake ta kusantowa ba a taɓa shi ba, shi ne limit, kuma shi ne 2x ɗin (2 sau 3 a nan) da lakcara zai rubuta a allo cikin daƙiƙa biyu ya wuce kamar kowa ya gane.

Abin da ke kada mutane, a ganina bayan shekarun da na yi ina tutoriyal, tsohon bashi ne. Yaro ya iya dokar sarai, ya fara daidai, sai a layi na uku ya kasa warware baka ko ya manta cewa 1/x daidai yake da x⁻¹, ko a ce sin²x + cos²x ya tsaya yana kallon silin alhali 1 ne. Aljabara da tirigonometiri na SS2, su za ka koma ka goge tun kafin a fara lakca.

Ya rabon maki yake?

Yawanci tes da asamen 30 ko 40, jarrabawa 70 ko 60, a ranar farko lakcara ke faɗa, kar ka rasa ranar. Gired A daga 70 yake farawa. Kuma akwai dokar halartar kashi 75 na lakca kafin a bar ka ka zauna jarrabawa, wani malamin yana ɗaga ƙafa wani kuwa ko kusa. Wanda ya shiga hol da 8 cikin 30 ya riga ya ɗora wa kansa kaya, in ya faɗi kuma kari-oba ne, shekara mai zuwa ga ka zaune da ƙannenka kana ɓoye fuska.

Kalkuleta fa?

Casio na kimiyya ya isa, sai dai ka tambaya ko an yarda da irin taka, don wasu suna iya fitar da amsar intagireshan mai iyaka kai tsaye, shi ya sa wasu malaman ke hanawa. Sannan ki duba saman sikirin, in D (digiri) kika gani ki mayar da shi R (radiyan). Dokar difarenshiyeshan ɗin nan ta cewa sin x yana komawa cos x a radiyan kawai take aiki. Akwai wata ƙanwata da ta yi komai daidai a tes, aikinta tsaf, amma kalkuletarta na kan digiri, amsoshi uku suka tafi a haka, ta fito tana rantsuwa malam ne ya danne ta, sai da muka zauna na nuna mata ƙaramin D ɗin nan.

Awa nawa zan riƙa karatu?

Ba a karanta shi kamar GST, kwasa-kwasan gama-garin nan, da biro ake yi. Tambaya biyar kullum bayan Asuba, daga tsofaffin takardun jarrabawa na sashenku, ka rufe amsar sai ka gama tukuna ka buɗe.