Jagoran jirgin ruwa: ga amsoshin, a bar ni in huta

Na daɗe ina aikin fito da kaya a tashoshin Kwatano da Lome kafin in dawo Yamai. Yanzu duk wanda kwantenarsa ta makara sai ya tare ni a Babbar Kasuwa da tambayoyi iri ɗaya kan jagoran jirgi. Ga su a rubuce.

Wane ne jagoran jirgi?

Ɗan gari ne da ya san bakin tashar kamar tafin hannunsa: inda ruwa ke da zurfi, inda rairayi ya taru, inda igiya ke ja. A tashar pilot ake ce masa. Ba na jirgin sama ba, don Allah.

Kyaftin bai iya tuƙi ba ne?

Ya iya. Direban da ya taso daga Agadas ma, in ya shigo kasuwar Katako sai ya nemi yaro ya nuna masa hanya. Kuma jirgi ba shi da birki; mai nauyi sai ya ci kilomitoci kafin ya tsaya.

In biya a shigo da jirginmu da wuri?

Haba Alhaji! Kamfanin jirgi ke biyan kuɗin jagora. Jirgi na jira ne don babu gurbi a bakin tasha, ko teku ta yi fushi. Wanda ya karɓi kuɗinka da wannan sunan ya cuce ka.

Yaya jagoran yake hawa jirgin?

Ƙaramin jirgi ke kai shi, ya kama tsanin igiya, babban jirgin kuma yana tafiya. Doka ta hana hawan tsanin ya wuce mita 9. Mutane na mutuwa a wurin, ku daina cewa aikin banza ne.

In jirgi ya kafe jagora na ciki, wa zai biya kayana?

To, nan sai a hankali. Galibi jagora shawara yake bayarwa, iko na hannun kyaftin, alhaki kuma na kan mai jirgi. Mashigin Panama ne ya bambanta, can jagora ke karɓar ragamar. Amma kada ka ɗauka mai jirgi zai ƙirgo maka kuɗi. Ya danganta da abin da ke rubuce a takardar lodinka, kuma kuskuren tuƙi sau da yawa ba ya cikin abin da suke biya. Akwai ma wata tsohuwar ƙa'ida: in an kashe kuɗi don ceto jirgi da kaya, ana iya raba asarar a kan kowa, har wanda kayansa ko ƙwarzane ba su yi ba. Haka aka yi da jirgin Ever Given, mai tsawon mita 400, da ya toshe mashigin Suwez kwana 6 a 2021, alhali jagorori na cikinsa. Mai inshora, kamfaninsa ke tsaya masa. Marar ita, wataƙila sai ya ajiye kuɗin jingina kafin a saki kwantenarsa. Ba kullum abin ke kai haka ba, kwantar da hankalinka, amma ka nuna wa mai fito maka da kaya takardun tun jirgi bai taso ba.

Akwai aikin a Nijar?

Da wace tekun?