Dan Allah a daina "wanke hanta" da jiƙe-jiƙe

Jama'a abin nan ya ishe ni wallahi. Jiya ma an kawo mana wani bawan Allah, ido ya yi rawaya, ciki ya kumbura tim, ƙafa in ka danna da yatsa sai ramin ya zauna. Watannin baya muka gwada shi muka ce yana da ciwon hanta nau'in B, ya riƙa zuwa ana dubawa. Shiru. Na ce Malam ina ka shige? Wai wata jarka aka ba shi, ana wanke masa hanta ana ƙara masa garkuwar jiki.

Hanta fa ba kwano ba ce da za a wanke! Ita ce mai wankewar. Jinin da ya fito daga hanji ta cikinta yake bi, ita ke tsince ƙwayoyin cuta, ita ke kwashe abin da sojojin jiki, wato antibodi, suka kama. In ta ƙanƙance dattin ya riƙa wucewa, jiki ya yi ta ƙera antibodi, a gwajin jini ka gan su sun yi yawa amma mutum kullum cikin kamuwa da cuta. To me za a ƙara? Kuma a nau'in B ɗin nan, yawancin ɓarnar garkuwar jikin ce da kanta ke yi garin yaƙar cutar. Ga hanta a galabaice, kai kuma kana ɗura mata abin da ba ka san sunansa ba, ba ka san awonsa ba, safe da yamma. Haba!

Na san tsoro ne, ba na ganin laifin mai neman sauƙi. Amma akwai magani na gaskiya irin su tenofovir, yana danne cutar, kuma ba kowa ma ke buƙatarsa ba, gwaji ne zai nuna.

Don haka a ajiye jarkar nan yau. A je a yi gwaji, a kai iyali su ma. Wanda ba shi da ita ya yi rigakafi, allura 3 ce. Jariri a yi masa cikin awa 24 da haihuwa, don in ya kamu yana jinjiri kusan 9 cikin 10 cutar zama take yi. Giya a bari, farasitamol ma ban da sha barkatai. In kuma kun riga kun fara shan jiƙon, ku taho mana da shi mu gani, ba za mu yi faɗa ba.